Kafin Ka Shimfiɗa Tayil a Tsakar Gida, Dubi Abin da Zai Zauna a Kai

A sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Abuja da Yamai, tayil ya daɗe da fitowa daga falo da banɗaki ya mamaye baranda da tsakar gida. Ba abin mamaki ba ne, domin yana da kyan gani, yana da sauƙin shara da wanki, yana kuma raba gida da caɓi da damina, da ƙura da rani. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan farfajiyoyi ba sa cin damina uku lafiya. Da farko akan taka wani wuri a ji amon rami a ƙarƙashi. Daga nan sai tsaga ta ratsa tayil biyar ko shida a jere, sannan wata rana da tsakar bazara a tarar guda biyu sun ɗaga sun jingina da juna. Mai gida ya ce an sayar masa da jabu, mai shago ya ce laifin mai aiki ne, mai aiki kuma ya ɗora wa ƙasar wurin. A mafi yawan lokuta tayil ɗin lafiyarsa ƙalau, shimfiɗar da aka yi masa ce ta gaza. Ra'ayina shi ne, wanda zai sa tayil ɗin fosilin a waje ya fara da zaɓen harsashi kafin zaɓen launi, kuma abubuwa uku ne za su zaɓa masa harsashin: irin ƙasar gidansa, nauyin da zai riƙa bi ta kai, da hanyar da ruwa zai bi ya fita.

Don a gane dalili, sai an san halin shi kansa fosilin. Ɗan uwan tangaran ne. Ana haɗa farin yumɓu da yashi mai tsabta da garin wani dutse mai narkewa a wuta, a matse su da inji mai ƙarfin gaske, a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, har ƙofofin cikinsa su toshe. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 13006 ta sa iyakar ruwan da wannan rukuni zai sha a rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa. Wato tayil mai kilo 10, ko an jiƙa shi, ba zai sha abin da ya wuce giram 50 ba, alhali tayil ɗin siramik na bango yana shan fiye da kashi 10 cikin 100. Mai saye zai iya gwadawa da kansa a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Dei-Dei: ya juya tayil ya ɗiga ruwa a bayansa. A kan siramik ɗigon zai nutse ya bar tabo mai duhu, a kan fosilin kuwa zai zauna yana ƙyalli har ya gaji da jira. Ko daga Sasuwolo ta Italiya ya fito, ko Kastelon ta Sifen, ko Foshan ta Sin, ko Morbi ta Indiya, ko daga masana'antun gida irin na Ajakuta, wannan hali ɗaya ne muddin fosilin ne na gaskiya.

Wannan ƙin shan ruwa shi ne alherinsa, domin ba ya tabo, ba ya ruɓewa, gansakuka ba ta samun wurin kamawa. Amma yana zuwa da sharuɗɗa uku masu tsauri. Na farko, abu ne mai tauri da ba ya lanƙwasa. Yana iya ɗaukar nauyi mai yawa idan ko'ina na cikinsa a tallafe yake, amma in gefe ɗaya ya sauka ko da 'yan milimita ne, ba shi da wata amsa sai karyewa. Na biyu, kwaɓin siminti na gargajiya yana kama abu ne ta hanyar shiga 'yan ƙofofinsa ya daskare a ciki, bayan fosilin kuwa babu ƙofofin da za a shiga. Na uku, duk ruwan da ya sauka a kansa yana nan a sama, dole ya gangara wani wuri, kuma in ba a tanadar masa hanya ba zai nemo ta ta tsakanin tayil ya kwanta a ƙarƙashi. Tallafi, kamu da magudana: duk ukun aikin shimfiɗa ne, babu wanda tsadar tayil ke sayo wa mutum.

Zance ya fara daga ƙasa, domin ita ce ke ɗauke da komai. Gidan da ke kan marmara ko jar ƙasa mai tauri ya yi sa'a, don irin wannan ƙasa in an danne ta ba ta cika motsi ba. Jigawa mai rairayi ma ba ta kumbura, kuma tana tsane ruwa, amma tana zaizayewa in ba a tokare gefunanta da dakali ba. Fadama da baƙar laka su ne masu wahala. A gabashin Barno, wajejen Dikwa, Marte da Ngala, da yankin Numan a Adamawa, da filayen da ke kewaye da Tafkin Cadi a Kamaru da Cadi, akwai baƙar ƙasar da ke kumbura in ta sha ruwa, ta kuma tsattsage da rani har mutum ya iya zura hannu a tsagar. Duk abin da aka ɗora mata sai ya hau ya sauka tare da ita kowace shekara. Akwai kuma haɗarin da mutane ke ƙirƙira da hannunsu: filin da a da kududdufi ne aka cike shi da shara da ɓaraguzai, kamar yadda ake gani a sassan birnin Kano, da ramukan bututun ruwa, da kewayen sokawe, inda aka mayar da ƙasa ba tare da dannewa ba. Irin wannan ciko yakan ɗauki shekaru yana zama. Sai kuma saiwar darbejiya da mangwaro, wadda ke bin danshi ta ɗaga abin da ta tarar. Wanda bai haƙa ramin gwaji ko biyu ya ga abin da ke ƙasan gidansa ba, zaɓen makaho yake yi.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma aka fi tsallakewa, shi ne kwashe ƙasar sama da daɓe abin da ya rage. Ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ba ta ɗaukar gini, dole a kwashe ta har a kai ga mai tauri. Daga nan a zuba ciko mai kyau kauri santimita 10 zuwa 15, mafi inganci shi ne fasasshen dutse mai haɗe da garinsa, daga manya har ƙura, domin ƙananan suna cike tsakanin manyan su kulle juna. A Ingila wannan cakuɗe ne suke amfani da shi ƙarƙashin tituna da farfajiya, a wurinmu kuwa marmara mai tsakuwa tana yin aikin in ba ta cika laka ba. Abin lura shi ne ba a juye tifa guda a baje a ce an gama. Ana zubawa ne sawu-sawu, kowane sawu kada ya wuce santimita 10 in da injin dannewa ake aiki, ko rabin haka in da hannu ne, a yayyafa ruwa har ya yi danshi ba tare da ya zama taɓo ba, a danne har takalmi ya daina barin sawu. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Matan da ke daɓen ɗaki da tsakar gida sun san shi tun kaka da kakanni: a baje marmara, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi. Injin zamani sauri kawai ya ƙara wa aikin.

Bayan an samu wannan gado, kaurin tayil ne ke faɗin abin da za a ɗora. Yawancin fosilin da ke kasuwanninmu kaurinsa milimita 8 zuwa 10 ne, an yi shi ne don ya manne da abu mai tauri, kuma ba shi da zaɓi sai kankare. Kankaren da ake nufi shi ne falan mai kauri santimita 10 a wurin da ƙafa kawai ke bi, da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaifi, huɗu na tsakuwa. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashi don kada busasshiyar ƙasa ta tsotse ruwan kwaɓin, kada kuma danshi ya riƙa hawowa daga baya. Inda ƙasa ke da shakku a sa ragar ƙarfe, kuma a ɗaga ta a kan 'yan duwatsu ta zauna cikin kankaren, domin ragar da aka yar a ƙasa aka zuba kwaɓi a kanta ba ta riƙe komai. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: tsakar gida mai faɗin murabba'in mita 100 tana cin kankare mita 10 na cikin awo uku, wato tsawo, faɗi da zurfi, kuma kowace mita ɗaya tana buƙatar kimanin buhu 6 na siminti mai kilo 50. Duk maginin da ya yi alkawarin gama irin wannan fili da buhu 25, to, ya rage kauri ko ya yawaita yashi, kuma mai gida ne zai biya bambancin daga baya.

Kankare yana da nasa hali da dole a yi haƙuri da shi. Ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, shi ya sa ake ba shi ruwa aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, musamman da hunturu lokacin da iska ke zuƙe danshi. Yana kaiwa ƙarfin da injiniyoyi ke lissafi da shi ne a kwana 28, kuma a makonnin farko yana ɗan tsukewa. Tayil ɗin da aka manna masa yana ɗanye zai sha matsi daga ƙasa har kamun ya saki. Saboda haka ƙa'idar aikin tayil ta Birtaniya ta ce a bar sabon kankare mako 6 kafin a ɗora masa tayil, in kuma an yi masa shafen yashi da siminti a sama, shi ma a ba shi mako 3. Ga mai gidan da biki ke tafe, ko wanda ya ƙagu ya tare, wannan jira yana da ciwo, amma shi ne kaɗai ɓangaren aikin da ba a biyan ko kwabo a kansa.

Sai batun zafi, wanda a ganina shi ne babban abokin gabar tayil a yankinmu. A Sakkwato, Maiduguri da Yamai zafin iska yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, fuskar tayil mai duhu a cikin rana kuwa takan wuce 60. A daren hunturu kuma sanyi yakan sauko ƙasa da 15. Kankare mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 40, yana miƙewa ko ya tsuke da kimanin milimita 4, fosilin mai wannan tsawo kuma da abin da bai kai milimita 3 ba. Bugu da ƙari, tayil da ke sama yana riga kankaren da ke ƙasa ɗaukar zafi, sannan ruwan farkon damina ya sauko masa kwatsam ya sanyaya shi. Kullum suna ja-in-ja da juna. Maganin shi ne a bar musu wurin numfashi: a yanka kankaren gida-gida, a bar tsaga mai faɗin kusan santimita 1 da ta ratsa daga kankare har saman tayil, a cike ta da abin toshiya mai taushi irin na roba. Ƙa'idar masu tayil ta Amurka ta ce a waje a yi wannan tsaga kowace ƙafa 8 zuwa 12, wato kusan mita 2 da rabi zuwa 3 da rabi. Haka kuma a bar irinta a jikin bango, ginshiƙi da bakin kwata. Tsakanin tayil da tayil ma a bar milimita 3 zuwa 5. Al'adar haɗa baki da baki don fili ya zama tamkar falle ɗaya ita ce ke sa tayil ɗagawa da tsakar rana.

Kamun kansa yana buƙatar gam ɗin tayil, wato garin siminti da aka haɗa da sinadarin roba wanda ke manne wa abu mai santsi. A jikin buhu a nemi alamar C2, mai nuna ƙarfin kamu, da S1, mai nuna cewa yana ɗan bayarwa in abu ya motsa. Yadda ake shafa shi ma yana da tsari. Gwanin mai tayil yakan share kankare ya goge ƙura, ya baje gam da cokali mai haƙora ya ja layuka miƙaƙƙu duk fuska ɗaya, ya shafa siririn gam a bayan tayil ɗin, ya ɗora, ya ɗan goga shi gaba da baya a gicciyen layukan don su kwanta iska ta fita, sannan ya bubbuga da gudumar roba. Lokaci zuwa lokaci yakan ɗaga guda ɗaya ya duba bayansa, in ya ga gam ya lulluɓe kusan ko'ina, aiki na tafiya daidai. A waje ana son gam ya rufe kashi 95 cikin 100 na bayan tayil. Wanda ke ɗora curi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, yana gina wa ruwa ɗakuna ne a ƙarƙashi, kuma ƙafar kujera ko turmi za su gano ramukan. A zafinmu gam yana yin ɓawo cikin 'yan mintuna, don haka a baje na tayil ɗaya ko biyu kawai, a yi aikin da safe da yamma.

Akwai kuma fosilin mai kauri milimita 20 da aka ƙera musamman don waje, wanda guda ɗaya mai santimita 60 a kowane gefe yakan kai kilo 16 ko fiye. Shi yana da zaɓi mai faɗi. Hanyar da aka fi bi a lambunan Ingila ita ce a ɗora shi a kan dannannen dutse ba tare da kankare ba, a zuba masa cikakken gadon kwaɓi mai kauri santimita 3 zuwa 5, kimanin awo huɗu na yashi ga ɗaya na siminti, a kuma shafa wa bayan kowane tayil kunun siminti mai sinadarin kamu kafin a ɗora. Wannan shafi shi ne gadar da ke haɗa su, in babu shi kwaɓin zai daskare da kyau amma tayil ya ɗago da tsabtarsa. Ana kuma iya jera shi a busasshe a kan ƙananan tsakuwa a hanyar lambu, ko a ɗora shi a kan 'yan ƙafafun roba masu daidaita tsawo a rufin bene da baranda, inda ruwa ke bi ta ƙarƙashi kuma ana iya ɗaga guda a gyara bututu a mayar. Waɗannan hanyoyi biyu na ƙarshe na ƙafa ne kawai, mota ba ta hawansu. Kuma kuskure ne babba a gwada ɗayansu da siririn tayil mai milimita 10, komai kyan sunan kamfaninsa.

Kowace hanya aka zaɓa, gangare a cikin harsashi ake gina shi tun daga dannannen ciko. Ana son fili ya sauka da santimita 1 da rabi zuwa 2 a kowace mita, yana barin jikin gini yana nufar rariya ko kwata. A tsakar gida mai tsawon mita 6, bambancin gefe da gefe zai kai kimanin santimita 10. Wanda ya zuba kankare a miƙe sannan ya nemi fitar da gangare da kaurin gam zai ƙare da lotsattsun wurare. Yawan ruwan ma ba wasa ba ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka ruwan Agusta guda mai milimita 50 a kan fili mai murabba'in mita 100 zai zubo lita 5,000, wato duro 25, ban da abin da indararo ke ƙarawa daga rufi. Saman tayil kuma ya zauna aƙalla santimita 15 ƙasa da layin da ke tsare bango daga danshi, don kada fantsamar ruwa ta jiƙa gindin gini. A nan ne kuma ya kamata a tuna cewa tayil mai sheƙi na falo tarko ne a inda ake alwala da wanke-wanke. Na waje mai kaushi ake nema, wanda ke ɗauke da alamar R11.

Tsofaffin masu aiki za su ce shekara da shekaru suna sa tayil da yashi da siminti, suna jiƙa shi a ruwa, su zuba kunun siminti su ɗora, kuma gidajen na nan tsaye. Gaskiya suka faɗa, amma a kan wani kaya daban. Ƙananan tayil ne na siramik masu shan ruwa, a cikin ɗaki, inda babu rana babu ruwan sama. Jiƙawar ma don kada tayil ya tsotse ruwan kwaɓi ake yinta, fosilin kuwa ko ya kwana a baho ba abin da zai sha. Ga shi kuma ya ƙara girma, daga santimita 30 zuwa 60 har 120, kuma iya girmansa iya motsin da kowane guda ke yi, iya ƙarancin tsagogin da za su raba motsin. Ƙwarewarsu a awo da daidaita layi tana nan da darajarta, abin da ake buƙata shi ne su ƙara mata sabon kayan kamu.

Wasu kuma za su ce waɗannan ƙa'idoji na Turawa ne, an yi su ne saboda ƙanƙara, mu kuwa ba mu da ita. Lalle a Turai ruwan da ya kwanta ƙarƙashin tayil yana daskarewa ya kumbura ya fasa shi, kuma wannan ba damuwarmu ba ce. Amma abin da muka tsira daga gare shi ta wannan gefe mun biya shi ta wani. Ruwanmu na shekara yana sauka ne cikin 'yan watanni, da ƙarfi, bayan dogon rani da ya busar da ƙasa ƙayau, don haka ƙasarmu tana juyawa daga ƙarshen bushewa zuwa ƙarshen jiƙa kowace shekara. Ranarmu ta fi tasu zafi nesa ba kusa ba. Ruwan da ya maƙale a ƙasan tayil a nan yana narkar da gishirin siminti ya fito da shi ta tsagogi a matsayin farin gari mai ɓata fuska, yana raunana kamu, yana kuma kwashe ciko a hankali. Dalilai sun bambanta, magani kuwa ɗaya ne.

Ƙorafin kuɗi shi ne mafi nauyi, kuma ba a raina shi a wannan zamani da farashin siminti da rodi ke tashi. Gam ya fi siminti tsada, hayar injin dannewa kuɗi ce, kankare mai santimita 10 yana cin buhuna. Amma a auna da abin da ke ɗaya gefen. In harsashi ya gaza, ba a gyara shi daga sama. Sai an fasa tayil, wanda da wuya a ciro shi lafiya, a kwashe ɓaraguzai, a sake sayen komai, a sake biyan lada, kuma sau da yawa ba a ƙara samun launin da aka saya da farko. Araha ba ta ado. In aljihu bai kai ba, akwai mafita masu mutunci: a rage faɗin wurin da za a sa tayil, ko a sayi tayil mai sauƙin kuɗi a ɗora a kan harsashi nagari, ko a zuba kankare bana a zauna a kansa a sa tayil baɗi, wanda hakan ma ya ba shi lokacin gama tsukewarsa da nuna inda zai tsage. Abin da bai kamata ba shi ne a sayi tayil ɗin Italiya a rage buhun siminti.

Mai tsohon kankare a gida kuma zai tambaya ko zai iya ɗorawa a kai. Zai iya, in ya ci jarrabawa huɗu. A bubbuga shi da guduma ko'ina a ji ko akwai rami. A duba tsagoginsa: siririyar tsaga da ɓangarorinta ke daidai da juna ana iya bi da ita, amma wadda gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu tana nuna ƙasa na motsi, kuma za ta fito a fuskar sabon tayil a daidai wurin. A zuba bokitin ruwa a ga inda ya nufa. Sannan a auna ko ƙarin kauri ba zai toshe ƙofa ko ya kai ruwa ɗaki ba. Fenti, man inji da gansakuka kuma sai an kankare su. Inda mota ke shiga kuwa lissafi ya sauya gaba ɗaya: ciko mai zurfi, kankare mai santimita 15 da ƙarfe a ciki, tayil mai milimita 20 a manne ko'ina. Tankar ruwa ko tifar yashi kada ta hau ko da sau ɗaya.

Akwai suka guda da nake ganin ta fi sauran gaskiya, wato cewa rufe tsakar gida gaba ɗaya da kankare da tayil yana hana ƙasa shan ruwa, yana tura shi lungu da gidan maƙwabci, yana ƙara wa unguwa ambaliya, yana kuma mayar da gida tanda da bazara. Wannan haka yake, kuma harsashi nagari ba ya warware shi. Amsar ita ce fosilin ba na ko'ina ba ne. Wurinsa baranda, wurin zama, hanyar ƙofa zuwa ɗaki da gefen famfo. Sauran fili a bar wa bishiya da ƙasa rabonsu, ko a sa intalok, wanda ke zaune a kan yashi, yana bin motsin ƙasa ba tare da karyewa ba, kuma ana iya ɗaga shi a gyara a mayar. A kan baƙar laka mai kumbura ko sabon cikon kududdufi, intalok ya fi fosilin hankali, sai dai in mai gida zai iya kwashe lakar ya musanya ta da ciko mai kyau bisa shawarar injiniya.

Saboda haka, kafin a biya kuɗin tayil, mai gida ya zaunar da magininsa ya tambaye shi dalla-dalla: zurfin nawa za a haƙa, da me za a cike, da me za a danne, kaurin kankare nawa, buhu nawa, kwana nawa za a jira, ina tsagogin numfashi za su bi, wane gam za a saya, ruwa kuma ta ina zai fita. Maginin da ya san aikinsa zai amsa da lambobi, zai ma ji daɗin an tambaye shi, domin aikin da zai daɗe shi ne tallarsa. Kuma mai gida ya kasance a wurin a ranakun daɓe da zuba kankare, ko ya wakilta wanda ya yarda da shi, don waɗannan su ne kwanakin da ake iya ganin aikin da ido a gyara shi da shebur. Da zarar tayil ya rufe, abin da aka yi ya yiwu, tun ran gini tun ran zane.